In Keken Batir Ya Shaƙe a Rairayin Kurfai

Ƙorafin iri ɗaya ne a bakin masu ɗaura wa keke inji da batir. Ranar da aka gama haɗawa, keke ya sheƙa gudu a kan kwalta har yaran unguwa suka bi shi da shewa. Bayan kwana biyu an bar kwalta an shiga rairayi, an murɗa totur, sai ɗif. A tsaya, a kashe, a kunna, ya tashi. A ɗan taɓa tafiya, ya sake ɗaukewa. Daga nan mai keke ya yanke hukunci cewa inji ya ƙone, ya shiga cigiyar mai zuwa Yamai da zai sayo masa wani.

Ɗan'uwa, mai da kuɗinka aljihu tukuna. Cikin duk kayan da ka haɗa, inji ne ya fi wuyar mutuwa, don galibin abin da ke cikinsa wayar jan ƙarfe ce da aka nannaɗe da jerin maganaɗisu. Sabon haɗi in ya ba da matsala, galibi laifin na batir ne, ko na wurin da waya ta haɗu da waya, ko na zafi. Masu ƙera kayan nan titin birni suke hange, ba su san kwarin Dallol Boso a watan Afrilu ba, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 tun kafin a kira azahar.

Na san abin da ya karkato da mutane ga wannan keke. Tun farkon 2020 hukumomi suka hana zirga-zirgar moto a sassa da dama na jihar Tilaberi saboda matsalar tsaro. An sassauta a 2021, an kuma maido da dokar a wasu wurare. Malamin makaranta da ma'aikacin lafiya da mai lambu duk sun rasa ƙafa. To, ga jan kunne kafin mu shiga wayoyi: keken da ke tafiya da totur ba tare da an taka feda ba, wani jami'in tsaro na iya ɗaukarsa moto. Ka je wurin jandarma ko ofishin magajin gari ka tambayi matsayin dokar a yankinku, ka ji daga bakinsu.

Kayan aikin da ba makawa sai da shi ɗaya ne: mita, ma'aunin wutar nan da ke hannun masu gyaran rediyo da salula. Ana samunta a Katako da Babbar Kasuwar Yamai, kuɗinta bai kama ƙafar na sabon inji ba. In ba ka da ita, ara. A juya ta zuwa 200 a ɓangaren da aka zana V da miƙaƙƙen layi, nan ne wurin auna wutar batir.

Tambayar farko ma ba ta buƙatar mita. Sa'ad da keken ya ɗauke, ɗan allon da ke kan hannu yana mutuwa, ko yana nan a kunne inji ne kawai ya yi shiru? In allo ya mutu, wuta ce ta yanke daga tushe: batir, fis, makulli, ko manyan wayoyin nan biyu, ja da baƙa, da ke kai wuta ga kwantarola, ɗan akwatin nan da ke sarrafa wutar inji. In allo na nan da ransa amma ƙafa ta ƙi juyawa, wuta na isowa, kwantarola ce ta hana inji, kuma tana da dalilinta. Wanda ya iya amsa wannan ya rage wa kansa rabin aiki.

Mu ɗauki na farkon, shi ya fi yawa. Batirin litiyam da aka rubuta wa 36V ƙwayoyi ne da aka jera rukuni 10, kowane rukuni yana cika a volt 4.2, saboda haka in ya cika mita za ta nuna 42. Mai 48V rukuni 13 ne, cikarsa 54.6. Mutane da yawa na ganin 36 a mita su ce ai batir lafiya lau, alhali ya cinye rabi ko fiye. In ya sauko 31 ko 30 ya ƙare ke nan, kwantarola za ta yanke da kanta don kada ƙwayoyin su lalace. Akwai wani nau'in litiyam da aka fi sawa a kayan sola, nasa lissafin daban ne. Ka dubi lambar da aka rubuta a jikin cajar da ta zo da shi, ita ce cikarsa.

Sai dai awon da aka yi keke na tsaye ba ya faɗin gaskiya duka. Duk wanda ya yi ban-ruwan dankali a fadamun Bonkuku ya san halin rijiya: da safe ka leƙa ka ga ruwa ya taso, ka sa injin ja ya nutse ƙasa, ka kashe ka ba shi lokaci ya dawo. Mai ƙarfin ido kaɗan take sauka, mai rauni nan take ta ƙafe. Batir ma haka yake. A kan kwalta ƙaramin inji na jan amfiya 5 zuwa 7. A rairayi, ko da jarkoki biyu na lita 25 a baya, yana jan iyakar abin da kwantarola ta yarda, 15 ko 20. Batir mai rauni sai ya faɗo daga 39 zuwa 30 kafin ƙiftawar ido, a yanke wuta. Da ka saki totur ya koma 39, ka sauka ka auna ka ga babu kome, ka yi ta zargin inji.

Don haka a auna shi yana cikin aiki. In allonka na nuna volt, zuba masa ido lokacin da kake hawan tudu ko shiga rairayi. In ba ya nunawa, ɗaure mita a hannun keke da roba, ka maƙala wayoyinta a bakin batir da kyau yadda ba za su taɓa juna ba. Saukar volt 2 ko 3 ba laifi ba ce. Cikakken batirin da ke zubewa da 6 ko 7 kuwa, ka kama ɓarawonka. Kada ka ɗaga ƙafa sama ka murɗa totur ka ce ka gwada. Ƙafar da ke juyawa a iska ba ta jan wutar kirki.

Sabon haɗi na da wata cuta tasa ta daban, wato kayan da ba ƴan gida ɗaya ba: an sayo inji da kwantarola a wuri guda, batir a wani. Karanta ƴar takardar da ke liƙe a jikin kwantarola. In an rubuta 48V kai kuwa batirinka 36V ne, ita tana yanke wuta a wajen volt 40, ga shi cikar naka 42 ce. Zai yi maka ɗan gudu ya mutu, yau da gobe, kome cajin da ka yi masa. In akasin haka ne, batir 48V a kan kwantarola 36V, ana iya jin fas da warin ƙuna tun ranar farko. Wasu allunan na da wurin saita 36 ko 48 a cikinsu, shi ma a duba.

Sai lambar amfiya. Cikin batirin litiyam akwai ɗan allon tsaro, masu gyara na ce masa BMS, aikinsa ya yanke wuta in an ja fiye da ƙima ko wani rukuni ya yi ƙasa da yawa. In iyakarsa 15 ce kwantarola kuma tana neman 22, duk sa'ad da aka matsa wa keke sai ya rufe. Alamarsa, kome ya mutu lokaci guda, kuma ba ya dawowa sai an kashe makullin batir an kunna, wani sa'in ma sai an ɗan soka caja. Maganin shi ne a rage amfiya a saitin allo in yana da wurin, ko a sauya kwantarola da ƙarama. Abin da ba na so in ji shi ne an cire allon tsaron an haɗa kai tsaye. Za ka sami mai gyaran da zai ba ka wannan shawara, kuma keken zai daina ɗaukewa, gaskiya ne. Amma abu ɗaya tak da ke tsakanin batirin da gobara ka cire.

Game da batirin kansa, araha ba ta ado. Ƙwayar da aka fi amfani da ita, mai lamba 18650, nauyinta kimanin giram 45 ne, kuma mafi kyawunta ba ta wuce wajen 3,500 mAh. Duk wadda ka ga an buga mata 9,900, ƙarya ce tsagwaronta. Batirin 36V mai 10Ah yakan ɗauki ƙwaya 40, da kwanso da kome ya kai kilo 2 da rabi zuwa 3. Wanda aka rubuta wa 30Ah amma kana ɗaga shi da yatsa biyu, ɗora shi a sikelin mai shago ka yi lissafi da kanka. Akwai kuma waɗanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyin kwamfuta. Waɗannan sa riƙe fitila da fanka lafiya, amma ba a yi su don jan amfiya 15 ba.

Wani lokaci kuma ba abin da ya lalace, tsammani ne ya yi yawa. Ninka volt da Ah: 36 sau 10, 360 ke nan, shi ne abin da ke cikin batirin gaba ɗaya, kuma ba duka za ka samu ba. A kan kwalta, kana taimakawa da feda, kilomita ɗaya na cin kimanin 10. A rairayi ninki biyu ko fiye. Daga Filinge zuwa Tukunus, inda tashar kiwon shanun Azawak take, kimanin kilomita 20 ne. Zuwa da dawowa 40, batirin nan ba zai kai ka ya maido ka ba sai da gumin ƙafarka. Mai niyyar cin kasuwar Lahadi ta Baleyara da shi daga Filinge kuwa, ya tafi da cajarsa ya kuma shirya kwana. Kafin ka zargi batir da saurin ƙarewa, ɗaga ƙafa ka juya da hannu ka ji ko birki na goga, ka matsa taya ka ji iska. Ƙayar tsaida da ta aduwa na sa taya ta riƙa sacewa a hankali, taya mai laushi kuwa wuta take sha.

In batir ya fita, bi waya. Bayan ɗan gudu mai nauyi, tsaya ka taɓa kowace mahaɗa da yatsa, daga bakin batir zuwa kwantarola zuwa inji. Wadda ta fi sauran ɗumi, ita ce. Waya biyu da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif ta isa kunna rediyo. A nan za ta yi zafi, salatif ya narke, ta riƙa yankewa duk sanda aka faɗa rami. A liƙe da dalma, ko a sa fulogi mai ƙarfi irin XT60. Buɗe gidan fis ka ga ko ya yi baƙi ko ya narke, kuma kada a maye gurbin fis da guntun waya. Batirin da ake turawa cikin mazauninsa ya maƙale, girgizar hanyar burji na sa shi ɗagawa ya rabu da haƙoransa na ɗan lokaci. Ƙara masa ɗauri da robar tsohon tib. Zagayayyun fulogan nan masu kibiya a jiki, kibiya ta fuskanci kibiya, a tura da ƙarfi har su zauna. Sababbin haɗi da yawa iyakar matsalarsu ke nan.

Yanzu mu koma ga keken da allonsa ke kunne amma inji ya yi gum. Fara da birki. Hannayen birkin da ke zuwa da kayan na da ɗan makunni da ke shaida wa kwantarola an kama birki. In ya maƙale, ko hannun bai koma daidai ba, ita a ganinta kana riƙe da birki ne. Zare fulogan birki biyun ka gwada. In ya tashi, a gyara a mayar, kada a bar su a zare.

Totur waya uku gare shi. Tsakanin ja da baƙa mita ta nuna kusan volt 5. Ta ukun na nuna wajen 0.8 in an sake, ta hau zuwa wajen 4 in an murɗa. In 5 na nan amma ta ukun ba ta motsi, totur ne ya mutu, ka gode Allah, shi ne mafi sauƙin kuɗi. Kwantaroli da yawa ba sa tashi in an kunna su totur na murɗe, rairayi kuwa yakan shiga ya hana shi komawa. Wasu kuma daga kamfani an saita su ne totur ba ya aiki sai keke ya fara motsi. Tura shi taku biyu kafin ka yanke ƙauna. In taimakon feda ne ya ƙi, dubi faifan nan mai maganaɗisu da ke gindin feda: tazararsa da sensa kada ta wuce milimita 3, in kuma an sa shi a baibai, inji zai kama ne in ka taka feda da baya.

In keke na tafiya lafiya da safe, sai rana ta take ya rage ƙarfi ko ya tsaya, ya huta ya dawo, zafi ne. Mu mutane ne masu son yi wa abin hawa sutura, sai ka ga an naɗe kwantarola da leda saboda ƙura, an cusa ta cikin jakar fata an ɗinke. Kwanson nan nata na alminiyam mai tsage-tsage an yi shi ne don iska ta kwashe zafi. A fito da ita, a ɗaure ta a jikin ƙarfen keke inda iska ke bugu, bakin wayoyi na kallon ƙasa don ruwan damina. Shi kuma inji ya fi shan wuya sa'ad da yake tafiyar hawainiya da cikakken totur. A rairayi mai zurfi, mafi yawan wutar da yake ja zafi take zama. Ƙananan injuna masu giya a ciki, haƙoran giyar na roba ne mai tauri, zafi da nauyi na cinye su, har wata rana ka ji inji na kuka ƙafa ba ta juyawa. Ɗora tafin hannu a kansa: in ba ka iya ƙirga biyar ba, nemi gindin gawo, shi ke da ganye a rani, ka huta. Kada ka kwara masa ruwa yana da zafi. In rairayi ya yi zurfi sauka ka tura, ba abin kunya ba ne.

Injin da ke karkarwa, yana gurnani, ko yana juyawa baya tun ranar haɗi, wayoyinsa ne ba a daidaita ba. Manya uku ne ke shiga inji, rawaya da koriya da shuɗiya, sai ƙanana biyar na sensa. Launi da launi ba kullum suke dacewa ba in kamfanin inji daban ne da na kwantarola. Kwantaroli da yawa na da wasu siraran wayoyi biyu, galibi farare, na koyo: a ɗaga ƙafa sama, a haɗa su, a kunna, ƙafa ta juya da kanta. In gaba ta juya a raba su shi ke nan. In baya, a raba a sake haɗawa. Kada a ci gaba da murɗa wa inji mai gurnani totur, ta haka ake ƙona kwantarola. Lambar kuskuren da allo ke nunawa kuwa, kowane kamfani da ma'anar tasa, kada ka ɗauki ta wani ka ɗora wa naka.

In da can yana tafiya sumul daga baya ya fara karkarwa, duba inda waya ta fito daga sandar tsakiyar ƙafa. Kekunan da ke hannunmu ba a yi bakin ƙarfen da ke riƙe ƙafarsu don ƙarfin inji ba. Noti na saki, sandar ta juya cikin gurbinta ta murɗe wayar. A sa wasa mai harshe da ke zuwa da kayan, a ƙara ɗan ƙarfen da zai riƙe sandar ya ɗaure ta da jikin keke. Mai walda na iya yanka maka shi. In a ƙafar gaba aka sa inji, wannan ya zama dole, don ƙafar gaba in ta fice ana cikin gudu sai asibiti. A watan farko a bi notin da sifana kowane mako.

Ga gwajin da ke raba gardama tsakanin inji da kwantarola. Kashe kome, ka juya ƙafar da inji yake da baya da hannu. In ta yi tauri tana cijewa, zare manyan wayoyi ukun daga kwantarola, ka raba bakunansu, ka sake juyawa. In ta saki, kwantarola ce ta ƙone. In taurin na nan, wayoyi sun haɗe a cikin kebul ko cikin inji. Sai a nan ne za a fara maganar inji.

Sauran caji, inda ake kashe batir da yawa ba a sani ba. Auna bakin caja, ta nuna 42 ko 54.6 gwargwadon batirinka. In fitilarta ta koma koriya nan take batir kuma bai cika ba, duba bakin soket da fis ɗin caji. In tana tsayawa batir mai 36V yana 40 ko 41, rukunonin sun saɓa. Bar ta a soke awa 2 ko 3 bayan koriya, kana kusa, a ƴan caji a jere, allon tsaro kan daidaita su. Cajar batirin mota ba ta litiyam ba ce. Wanda ya sha duhun da ya biyo bayan katse wutar da Najeriya ke ba Nijar a Agustan 2023 ya san amfanin sola, amma kada a haɗa farantin sola kai tsaye da batirin keke. Caja mai amfiya 2 na cika 10Ah cikin kimanin awa 5, tana cin wajen wat 100, ƙaramar inbata ta ishe ta. Ko wutar NIGELEC ce ko ta janareta, in an ɗauke ka zare caja, ka jira ta dawo ta daidaita.

Ƙwayar litiyam ba a yi mata caji in zafinta ya haura 45, ɗakin kwano kuwa da tsakar ranar Afrilu ko Mayu yana iya wuce haka. A yi caji da almuru ko da asuba, kuma in ka dawo daga tafiya ka ba batir awa guda a inuwa ya huce. A ajiye shi a kan ƙasa ko siminti, nesa da zana da rumbu da katifa, ba kuma a bakin ƙofar ɗakin da yara ke kwana ba. Batirin da ya kumbura, ko yake wari, ko ya yi zafi babu dalili, a fitar da shi fili a kan rairayi, kowa ya matsa. Hayaƙinsa guba ne. In za a jingine keke makonni, a bar batir da rabin caji, kada a bar shi fanko.

In duk an bi an rasa, kimanin kilomita 180 ne tsakanin Filinge da Yamai, ba tafiyar da za a yi sau biyu a kan abu ɗaya ba ce. Ɗauki hoton takardun da ke jikin batir da caja da kwantarola ka tura wa mai gyara ta WhatsApp kafin ka tashi. Rubuta masa abin da mita ta nuna a cike, abin da ta nuna cikin aiki, ko allo na mutuwa, da lokacin ranar da abin ke faruwa. Tafi da batir da caja da kwantarola da allo tare, don in ka kai ɗaya kaɗai za a ce maka lafiyarsa lau. A mota kada a ɗora batirin a rufi cikin rana tare da buhuna. Riƙe shi a ƙasan kujerarka, makulli a kashe, bakinsa a rufe da salatif.